Matan Fadar Misira ta Dauri da Sunan da Anka Kankare

Hirarmu ta tarihi ta wannan fitowa za ta kai mu nesa, har bakin kogin Nilu, sai ku gyara zama.

In anka ambaci Misira ta dauri a garinmu, suna ɗaya ke faɗowa bakin kowa, shi ne Fir'auna. Malamanmu na zaure sun karanta mana labarinsa da Annabi Musa, Alaihis Salamu, da labarin matarsa Asiya wadda ta karɓi jinjirin da anka tsamo daga kogi. In an cire ta, an cire Zulaiha ta zamanin Annabi Yusufu, to yawancinmu ba mu san sunan wata macen ƙasar ba. Mu da munka zauna bencin lakkol ma ba mu fi ku da yawa ba, don shafi uku littafinmu na tarihi ya ba Misira, da hoton dalar dutse, da na wani sarki mai siririn gemu. Ran da wata ɗiya ta ajinmu ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, su Misirawa ba su da sarauniya?", amsar da munka ba ta ba ta gamsar da mu kanmu ba. Abin da munka tattaro tun daga ranar shi za mu shimfiɗa muku.

Da farko dai Fir'auna laƙabi ne. A harshensu ma'anarsa "babban gida", kamar yadda mukan ce fada ta yi kira alhali sarki muke nufi. Gidajen sarauta talatin ne sunka bi juna cikin shekara wajen 3,000. Shekarun kafin haihuwar Annabi Isa za mu sa musu alamar K.H., kuma baya-baya ake ƙidaya su, wato 1500 ta riga 1400.

A wani gari da ake kira Abidos akwai bangon gidan tsafi wanda sarki Seti na farko ya sa anka sassaƙa wajen 1285 K.H. Ana ganinsa tsaye da ɗansa Ramsis, yaro, suna gaida sarakunan da sunka gabata, suna 76 a jere. Babu mace ko ɗaya. Wanda ya taɓa jin maroƙin fada yana jero magabata ya san yadda abin yake, wanda ke kan gado shi ke zaɓen kakannin da za a faɗa. Seti ya bar sarakuna maza da dama waɗanda bai so, ya kuma bar dukan matan da sunka yi mulki. A nan mutanen Daura sun fi shi adalci, don jerinsu ya riƙe sunayen magajiyoyin da sunka riga zuwan Bayajida. Harshen Misirawa kansa ba shi da kalmar da ta yi daidai da sarauniya mai mulki. Abin da suke da shi uku ne: uwar sarki, matar sarki, ɗiyar sarki.

Mu fara da uwaye. A 1900 wani Bature ɗan Ingila mai suna Fetiri yana tonon kaburburan sarakunan farko a nan Abidos, sai ya tarar da wani babba mai girman na sarakuna, kewaye da ƙananan kaburburan barori wajen arba'in. Ya ɗauka na sarki namiji ne. Daga baya anka gane mai kabarin mace ce, Merneit, uwar sarki Den, wadda ta riƙe ƙasar wajen 2950 K.H. ɗanta yana ƙarami. An samu hatimi na zamanin ɗanta wanda ya jero sarakuna ya sa sunanta cikinsu. An kuma samu wani na sarkin da ya zo bayan ƴan zamanai kaɗan, sunayen duk suna nan, nata kaɗai ya faɗi. Kun ga tun daga tushe abin ya faro.

Wajen 1550 K.H. wasu baƙi daga Asiya, da ake kira Hiksos, sun yi shekara ɗari suna riƙe da arewacin ƙasar. Sarkin kudu, Sekenenre, ya tasam musu ya mutu, kuma gawarsa tana nan Alƙahira, ƙoƙon kansa duk saran gatari. Magajinsa bai daɗe ba shi ma. Saura yaro ƙarami, Ahmosis, da uwarsa Ahotef. Da yaron ya girma ya kori baƙin, sai ya kafa allon dutse a Karnak yana umurtar jama'a su girmama uwarsa, ya ce ita ta kula da mayaƙa, ta komo da waɗanda sunka gudu, ta kwantar da tawayen kudu. A 1859 anka buɗe akwatin gawar wata matar sarki mai wannan suna, Ahotef, anka tarar da gatura da wuƙaƙe, da sarƙa mai manyan ƙudaje uku na zinariya. Mu ƙuda da kwaɗayi munka san shi. Su nacinsa sunka duba, a kore shi ya komo, shi ya sa masana da yawa ke ɗaukar ƙudajen nan lambar jarumta ce.

Dattawan Gobir da ke karatun wagga takarda mun san abin da ya zo musu a rai, Inna ta Tsibiri, da Iya ta Maraɗi, mata na gidan sarauta masu fadarsu da mutanensu. Sun kuma san Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cikin Infaƙul Maisuri cewa asalin Gobirawa Kibɗawan Misira ne. Kamar tana nan, ba mu musu. Amma kama da wane ba ta wane ba ce, kuma sarautar uwa ko ƴar'uwar sarki ana samunta ƙasashe da yawa na Afirka waɗanda ba su taɓa da'awar Misira ba.

Cikin matan sarki, wadda ta fi burge mu ita ce Tiyi, uwargidan Amenofis na uku, wajen 1380 K.H. Ba jinin sarauta ba ce, ubanta Yuya babban mai kula da dawakin sarki ne daga garin Akmim. Mijinta bai ɓoye asalinta ba. Ya sa anka sassaƙa ɗaruruwan duwatsu masu siffar buzuzu, anka rubuta sunanta da na ubanta da na uwarta, anka rarraba cikin ƙasa da wajenta, kamar a ce sanarwa ce. A shekara ta 11 ta mulkinsa ya gina mata tabki mai tsawon kamu 3,700 da faɗin kamu 700. Ya gina gidan bauta da sunanta a Sedenga, cikin Sudan ta yau. Da ya mutu, sarkin Mitanni, wata daula ta arewacin Sham, ita ya rubuto wa takarda a kan allon yumɓu, yana cewa ita ta fi kowa sanin maganar da ke tsakaninsa da mijinta, ta tuna wa ɗanta alkawarin gumakan zinariya. Takardar tana nan hal yau.

Gimbiyoyi kuwa ba a aurar da su waje. Sarakunan ƙetare suna aiko da ɗiyansu, ɗaya daga Mitanni ta iso da mata 317 ƴan rakiya, amma da sarkin Babila ya nemi a ba shi ɗiyar sarkin Misira, sai anka ce masa tun fil azal ba a taɓa ba. Abin dariya, ya sake rubutowa ya ce to a samo kowace kyakkyawar mace a aiko a ce ɗiyar sarki ce, wa zai gane? Ko wannan ba a yi masa ba. Shi ya sa abin da ya faru wajen 1323 K.H. ya girgiza kowa. Sarkin Misira ya mutu bai bar ɗa ba, matarsa ta aika wa sarkin Hittiyawa, abokin gabarsu da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ta ce mijinta ya mutu, ba ta da ɗa, an ce shi yana da ɗiya maza da yawa, ya ba ta ɗaya ya zama mijinta ya hau gado, don ba ta iya auren baranta, kuma tsoro take ji. Yawancin masana sun ce ita ce Ankesenamon, matar yaron sarkin nan Tutankamon wanda anka buɗe kabarinsa a 1922, inda anka tarar da gawar ƴan jarirai mata biyu da ba su zo da rai ba. Sarkin Hittiyawa ya yi zaton tarko ne, ya aika manzo ya gano, matar ta sake rubutawa da ɓacin rai. Sa'an nan ya tura ɗansa Zannanza. Yaron bai isa ba, an kashe shi a hanya, yaƙi ya biyo baya, tsohon bafada Ay ya hau gado, ita kuma sunanta ya ɓace daga duwatsu.

Biyun da Turawa sunka fi yayatawa ba za mu daɗe kansu ba. Nefertiti ta yi suna ne don gunkin kanta da wani Bajamushe ya tono a 1912, wanda ke Barlin, Misirawa suna ta neman a komo musu da shi. Kilyofatara kuwa jinin Girkawa ce, ta mutu a 30 K.H., kuma tazarar da ke tsakaninta da ginin babbar dalar Giza ta fi wadda ke tsakaninta da mu.

Yanzu sai mu koma baya kaɗan, kafin zamanin Tiyi da shekara ɗari, ga wadda ta haɗa matsayin nan uku, ɗiya da mata da mai riƙo, sa'an nan ta ƙetare su. Sunanta Hacefsut, Faransawa suna rubuta shi Hatchepsout, ma'anarsa shugabar mata masu daraja. Ubanta Tutmosis na farko mayaƙi ne da ya kai har kogin Furatu. An aurar da ita ga ɗan ubanta, Tutmosis na biyu. Wannan abin ƙyama ne gare mu, amma al'adar fadarsu ce don kada gado ya fita gida, kuma mutane ne masu bautar gumaka. Ɗiya ɗaya ta haifa masa, Neferure. Da ya mutu wajen 1479 K.H., magajin da ya bari ɗan kishiya ne, Tutmosis na uku, yaro da bai daɗe da yaye ba, uwarsa Isis kuma ba kowa ba ce a fada. Hacefsut ta kama riƙon ƙwarya, kamar yadda Merneit da Ahotef sunka yi, ba wanda ya ga abin mamaki.

Kafin shekara ta bakwai ta cika sai ta yi abin da su ba su yi ba, ta sa kambi, ta ɗauki sunayen sarauta biyar na Fir'auna, ta zama sarki. An taɓa yin mace ɗaya kafinta da ta hau gado sosai, Sobeknefru, wajen 1800 K.H., amma ita ba ta cika shekara huɗu ba, kuma gidansu ne ya ƙare babu namiji. Hacefsut da namiji a gida ta hau. Ba ta kashe yaron ba, ba ta tuɓe shi ba, ƙasa ta zauna da sarki biyu, ana ƙidayar shekaru da hawansa, ana sassaƙa su tare, ita gaba shi baya. Da ya tasa ta bar shi cikin mayaƙa ya koyi yaƙi.

Gumakanta na farko suna nuna jikin mace da rawanin sarki. Na baya sun koma siffar namiji ɗungum, da bante da gemu. Kada wannan ya ruɗe ku, gemun nan ko ga sarakuna maza na ɗaurawa ne da zare, kayan sarauta ne kamar alkyabba da sanda. Rubutun da ke jikin gumakan bai daina kiranta ɗiyar Ra ba, wato ɗiyar gunkinsu na rana. Ta kuma sa anka zana a bango cewa babban gunkinsu Amon ne ya yi cikinta, kuma ubanta ya nuna ta ga fadawa tun yana da rai ya ce ita ce magajiya. Mai mulki bai rasa inda zai samo asali.

Aikinta kuwa na nan kowa ya gani. A shekara ta tara ta tura jirage biyar ta Bahar Maliya zuwa ƙasar Funt, can wajen Iritiriya ko Somaliya ta yau. An zana tafiyar duka a bangon gidan bautarta: bukkokin mutanen Funt bisa dirkoki da tsani na hawa, sarkinsu Farahu da matarsa Ati, ƙatuwar mace da jakin da ke ɗaukarta, har kifayen teku an zana su yadda masana ke iya faɗin irinsu. Jiragen sun komo da zinariya, da hauren giwa, da baƙin katako, da fatun damisa, da tozali, da birai, da tsibin ƙaron turare. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne itatuwan turare 31 da anka ciro da saiwarsu da ƙasarsu cikin kwanduna don a dasa a Misira. Dangin dashi da hano ne na dajinmu. Duk wanda ya taɓa wahalar raya dashe guda a bakin lakkol cikin bazara ya san abin da ake nufi da ƙetare teku da hamada da talatin da ɗaya.

A Karnak ta kafa ginshiƙai masu tsini, kowane dutse guda ne ba haɗi. Ɗaya yana tsaye har gobe, tsawonsa kusan mita 30, nauyinsa ya haura tan 300, wato kayan kamiyo goma masu ɗaukar tan talatin. Daga Asuwan anka fafe shi anka sauko da shi ta kogi, tafiya kusan ta Maraɗi zuwa Damagaram, kuma rubutun gindinsa ya ce wata bakwai aikin fafewar ya ci. Gidan bautarta na Dairul Bahari, hawa uku jingine da gindin dutse ƙetaren Luksor, yana cikin gine-ginen da baƙi sunka fi zuwa kallo. Babban na hannun damarta Senenmut ɗan talakawa ne, shi ne kuma mai renon Neferure. Akwai gumakansa da dama inda ya lulluɓe yarinyar cikin mayafinsa, ɗan kanta kaɗai ke leƙowa ƙarƙashin haɓarsa.

Ta mutu wajen 1458 K.H., a shekara ta 22. Tutmosis na uku ya fita yaƙi nan da nan, ya ci Magiddo, ya yi yaƙe-yaƙe 17, ya zama babban mayaƙin tarihin Misira. Sai da anka yi wajen shekara ashirin da mutuwarta, shi kansa ya manyanta, sa'an nan magina sunka shiga gidajen bauta da kurfi da guduma. Anka kankare hotonta, anka goge sunanta anka sa na ubanta ko na mijinta, anka farfasa gumakanta anka zuba cikin rami, anka kewaye gindin ginshiƙanta da bango. Ga Misirawa wannan ya fi kisa, don sun ɗauka mamaci yana rayuwa ne muddin sunansa yana rubuce ana faɗinsa.

Turawan farko da sunka rubuta labarin sun ce ƙiyayyar ɗan miji ce ga muguwar kishiyar uwa. Mu ba mu yarda ba, kuma masanan yanzu sun bar wannan magana. Wane irin fushi ne ke kwana shekara ashirin, mai shi yana da iko a hannu? Kuma inda anka zana ta tana matar sarki yawanci ba a taɓa ba, inda take sarki nan gudumar ta faɗa. Abin da ya fi kama hankali shi ne tsohon yana shirya wa ɗansa Amenofis na biyu hanya ne, yana son jeri ya miƙe daga kaka zuwa uba zuwa ɗa, kada wani reshe na gidan ya sami abin kafa hujja, kada kuma wata gimbiya ta duba bango ta ga an taɓa yi an kuma zauna lafiya. Da mulkinta ya lalace, da an bar shi ya zama abin ishara. Jerin Abidos ya tsallake daga Tutmosis na biyu zuwa na uku kamar ba a yi kome tsakani ba, haka ta ɓace shekara fiye da 3,000.

Nahawu ne ya fara tona ta. Bafaranshen nan Shamfoliyon, wanda ya warware rubutun Misirawa a 1822, ya je Dairul Bahari a 1829 ya tsaya yana mamaki, ga sarki da gemu, amma kalmomin da ke gefensa duk na mace ne. Da Bahaushe ne da ba a sha wuyar yi masa bayani ba, kamar a nuna maka hoton namiji a rubuta "ta ce, ta yi, ta gina". Masana harsuna sun sa Hausa da tsohon harshen Misira cikin babban dangi guda. Su ma da harafin t suke alamta mace, da k suke nuna namijin da ake yi wa magana, kamar gidanka, kuma kalmarsu ta mutuwa baƙaƙenta m da w da t ne. Magina sun goge fuska da suna, sun bar waɗannan ƙananan haruffa a wurare da yawa.

Bayan 1920 masu tono daga Amurka sunka faɗa kan ramin da anka zuba gumakanta. Sun tsince gutattsarin sun liƙa su, wasu suna Niyok, wasu Alƙahira. Bangon da anka kewaye ginshiƙinta da shi kuma, shi ya kare rubutun daga iska da rairayi. Gawarta ta fi wuyar samu. A 1903 an buɗe wani ƙaramin kabari mai gawar mata biyu, ɗaya cikin akwati mai sunan wadda ta shayar da ita, ɗaya yashe a ƙasa. A 2007 hukumar kayan tarihi ta Misira ta sa anka haska wani akwatin katako mai sunan Hacefsut, anka ga haƙori ciki, anka ce ya dace da giɓin bakin wadda ke yashe a ƙasa, mace mai jiki da ta haura shekara hamsin. Wasu masana ba su gamsu da shaidar haƙori guda ba, amma hukuma ta sa mata sunan.

Ran 3 ga watan Afrilu 2021, da dare, anka kwashe gawar sarakuna 22 daga tsohon gidan tarihi na tsakiyar Alƙahira zuwa sabo a unguwar Fustat, da kiɗa da dawaki da harbin igwa, maza 18 da mata 4. Tiyi tana ciki, Hacefsut tana ciki, Tutmosis na uku da Seti mai jerin Abidos su ma suna ciki. Kowace gawa da motarta, kuma a jikin kowace mota an rubuta sunan mai ita da Larabci, da Ingilishi, da tsohon rubutun Misirawa.